Takin Nomau da Buhun Inna Tabawa

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Nomau, a wani gari can arewa inda ƙasa rairayi ce, ruwan sama kuma sai an haɗa da roƙo. Lokacin takin zamani bai daɗe da shigowa ƙauyuka ba, Nomau kuwa ba shi da halin sayensa. Abin da ya mallaka shi ne jaki ɗaya, da tsibin takin gida da ya yi rani guda yana tarawa: kashin awaki, toka, shara. Da wannan tsibi yake sa ran waken da iyalinsa za su ci.

Ku saurara, jama'a. Kai mai gyangyaɗi can baya, da kai nake!

Gonarsa ta yi iyaka da ta wata tsohuwa, Inna Tabawa. Mijinta ya rasu, awakinta sun tafi a jinyarsa. Ran nan Nomau ya ɗoro wa jaki mangalar taki, ya dubi gonarta, ya gan ta fara fat, ba taki. Sai ya karkata jaki ya juye mata. Ya koma ya ɗebo, ya sake juyewa, har rabin tsibi ya tafi.

Matarsa Asabe ta ce, "Malam, yaran nan fa? Ƙasar nan ko da taki da ƙyar take ba mu."

Ya ce, "Na sani. Amma idona ya riga ya gani."

Sai ga tsohuwa da ƙwarya a ka. Ashe ɗanta da ke ci-rani ya aiko mata buhun takin zamani, ta raba shi biyu, ta kawo wa Nomau rabi.

Nomau ya ce, "Inna, ba don ki biya ni na yi ba."

Ta ce, "Ni ma ba biya na zo yi ba, ɗana. Ka karɓa, ko in je in barbaɗa maka da hannuna."

Ya karɓa.

Wake ya fara yaɗo, ruwa ya ɗauke. Wanda ya zuba na zamani zalla a busasshen rairayi, shukarsa ta ƙone. Wanda ya tsaya ga na gida kaɗai, ta rayu amma ta tsumbure. Gonakin nan biyu kuwa, na gida ya riƙe damshi, na zamani ya ba da ƙarfi, har ruwa ya dawo.

Ranar sussuka Nomau ya dubi tarin wake, hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Asabe, na ɗauka gonar Inna nake taimako, ashe tawa Allah yake ceta."

To, 'yan'uwa, abin da ke hannunka rabi ne, sauran rabin Allah ya ajiye shi a hannun maƙwabcinka. Wasunmu ko toka ba sa bari a ɗiba a bayan gidansu. Idan kun fita gona gobe, ku dubi ta kusa da ku kafin ku juye mangala. Allah ya sa mu gode, ya sa mu bayar.