Makullin da Asid Ya Cinye wa Haƙora

Jama'ar shafin nan, yau zan ba ku labarin ran da na ceci mutum da hannuna ni kaɗai. To, ba ni kaɗai ba, mu biyu ne. Gaskiya ma ɗayan ne ya yi aikin, amma ni na miƙa masa guduma.

Akwai wani mutum a layinmu da ake kira Farfesa. Ba karatu ne ya ba shi sunan ba, tare muka tsaya a aji shida. Sana'arsa sayen matattun wayoyi, ya farke cikinsu, ya jiƙa a ruwan asid mai narkar da ƙarfe, don ya tsamo ɗan zinaren da ke ciki.

Farfesa ya ɗauka duk duniya sirrin haɗin ruwansa take son sacewa. Ya sa aka toshe tagar ɗakin aikinsa da bulo. In zai fara aiki, sai ya datse ƙofar ƙarfe daga ciki da ƙaton kwaɗo, ya jefa makulli a aljihun gaban rigarsa. Wayarsa ma a gida yake bari, wai kar a dame shi.

Maƙwabcinsa wani dattijo ne, Baba Mai-walda. Ranar da ake toshe tagar ya zo ya ce masa wannan ruwan ba a zama da shi a rufe, a fili ake aikinsa, da safar hannu da abin kare ido.

Farfesa ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ka san wuta, ni na san ruwa. Ko haɗin kake so ka leƙa ne?"

Baba ya koma kan ƙarafansa.

Wata ranar Laraba da hantsi, Farfesa ya kulle kansa kamar kullum. Ya sunkuya kan babbar kwalbar asid don ya duba aiki. Sai ya ji ɗan ƙara, tsulum.

Ya shafa aljihu. Babu makulli.

Makullin tagulla ne, abincin asid kenan. Nan take ruwan ya fara tafasa ba wuta, ya koma kore, wani hayaƙi ja-ja ya soma tashi. Hannunsa har ya kai bakin kwalbar, sai ya tuna abin da ɗigo ɗaya ya taɓa yi wa wandonsa. Ya ja da baya.

Ya rarumi ɗan itace yana lalube, idonsa na zubar da ruwa. Da ƙyar ya tsamo makullin, ya ɗauraye, ya duba. Haƙoransa sun zube kamar bakin kakata. Ya zura a kwaɗo, ya murɗa dama, ya murɗa hagu. Makulli yana ta juyawa, kwaɗo ko gezau.

Ya waiwaya wajen taga, bulo. Ya dubi kusurwa, wayoyi buhu biyu, babu mai rai ko guda, duk shi ya farke su.

Hayaƙin ya cika ɗakin. Maƙogwaronsa kamar an zuba barkono. Ya dinga dukan ƙofa da hannu biyu, amma injin yankan ƙarfen Baba yana ta kuka a waje, wa zai ji shi? Ya buɗe baki zai yi kira, tari ya tare muryar. Ya jiƙa rigarsa ya ɗaure hanci, bai ji wani sauƙi ba. Ya manna fuskarsa a ɗan tsagin gefen ƙofa yana zuƙar iskar da ba ta fi zare ba. Ta nan yake hango ƙafafun mutane suna wucewa, har da na matarsa da ta dawo daga cefane, ya gane takalminta. Taku uku ne tsakaninsu, ta wuce.

Sai ya tuna cewa da bakinsa ya gargaɗe ta, ko gidan na cin wuta kar ta kuskura ta ƙwanƙwasa masa in yana aiki.

Ana cikin haka, sai aka ɗauke wuta. Ban taɓa ganin ranar da ɗauke wuta ta yi wa wani rana ba sai ran nan. Injin Baba ya yi shiru, sai Baban ya ji bugun ƙofa.

Ya zo ya sa hanci a tsagin, ya ja baya da sauri. Ya ce, "Ɗana, kar ka taɓa kwalbar nan. Tsaya inda kake. Ta taga zan zo maka."

Bulon da aka jera don kar Baba ya leƙa, shi Baban ya hau da guduma. Ya kori 'yan kallo gefe, ya ce kowa ya bar wajen da iska ke kaɗawa. Da rami ya samu, aka jawo Farfesa ta ciki kamar buhun gawayi.

Da ya sha iska ya ɗan dawo hayyacinsa, har ya fara cewa ai ba komai, a bar shi ya kwanta kawai. Baba ya ce irin wannan hayaƙin sai mutum ya ɗauka ya tsira yake kama ƙirji, ya tura shi mota da ƙarfin tsiya, sai asibiti. Washegari numfashinsa ya sarƙe a gadon asibiti, likita na kusa. Da a gida ne, da wani labarin nake ba ku.

Mako biyu ya yi. Da ya dawo, wajen Baba ya fara zuwa, ya durƙusa. Baba ya ce, "Tashi. Haɗin naka dai na gan shi, ban kuma ji sha'awarsa ba."

Yanzu a ƙarƙashin rumfa yake aiki, ba bango ba ƙofa, da safar hannu har gwiwar hannu. Guntun makullin na rataye a jikin ginshiƙi.

Darasi: Duk ruwan da ke cin ƙarfe ba zai ji tausayin huhunka ba. Kar ka yi aiki da shi a rufaffen ɗaki, kar ka yi kai kaɗai, in ka shaƙa ka tafi asibiti ko kana jin garau. Kuma kar ka toshe taga don gudun maƙwabci, wataƙila ta nan zai fito da kai. Ku tura wa masu irin wannan sana'a.

Ina cikin karanta wa uwar yarana wannan kafin in saka, sai ta ce, "Wace gudumar ka miƙa? Kai da ka ranta a na kare, har na tsinto takalminka ɗaya a tsakiyar titi?"