Ciwon Malama Kubura da Ɗalibanta Uku

Ku matso ku ji wannan, in na gama hukunci naku ne.

A Malumfashi an yi wata malamar firamare, Malama Kubura. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma cikin yaran da ta koyar akwai uku da suka riƙe ta kamar uwa: Barira, Mansura da Tasi'u.

Barira tela ce. Wata rana tana gwada wa Malama riga, sai hannunta ya taɓa wani ƙullutu a gefen mamanta. Malama ta ce, "Rabu da shi, 'yar nan, ba ya ciwo." Barira ba ta rabu da shi ba. Kullum sai ta zo ta zauna tana lallashi, har Malama ta gaji suka tafi asibiti.

Aka yanko ɗan nama aka kai ɗakin gwaji, inda Mansura take aiki. Ta duba a madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ta ga sankara ce. Amma ba ta tashi ba, ta ci gaba da kallo. Kun san kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana da wasu siraran zaruruwa a cikinta, su ke riƙe ta kamar yadda tsaiko ke riƙe rufin bukka. To, ƙwayoyin da ke bakin ƙullutun sun sake ɗaurin zaruruwansu, sun miƙe, sun fitar da 'yan ƙafafu. Da su suke kama naman da ke gabansu, su ja jiki, su kutsa. Mansura ta je ta sami Tasi'u, ta ce, "Sun fara tafiya. Kada ka tsaya iya abin da idonka ya gani, ka duba har hammata."

Tasi'u likitan tiyata ne. Matar da ta koya masa riƙe fensir ce kwance a gabansa. Ya cire ƙullutun da naman da ke kewaye da shi, ya bi har hammata, ya tarar ciwon ya kama kaluluwa, ya cire ta.

Malama ta sha magani ta warke, sai dai aka ce kada ta ƙara zama ita kaɗai. Kowannensu ya gyara ɗaki a gidansa, ya zo ɗaukarta. Ta dube su ta ce, "Dukanku 'ya'yana ne, amma ni ɗaya ce."

To jama'a, da mai taɓawa, da mai gani, da mai cirewa, gidan wa ya fi cancanta Malama ta zauna?