Azurfar da Aka Huda

Akwai wani ɗalibin digiri na uku a garin Greensboro na Amurka mai suna Muzammil. Abin da ya fi so shi ne tara sulallan azurfa masu hoton dabbobin shekarar Sinawa. Yana da na ɓera, na sa, da na damisa, kowanne a rufe cikin roba. Ko matarsa Ramlatou ba ta isa ta taɓa su ba.

A 1999 Ramlatou ta haihu, mahaifiyarta Hajiya Kaltouma ta zo daga Damagaram don jego. Ranar da mai hoton zomo da ya saya ya iso, Muzammil ya ɗaga shi yana cewa, "Wannan na shekarar jaririya ne."

Hajiya ta ɗauka na jaririyar ne. A garinsu kuwa, azurfar yarinya hudawa ake yi a rataya mata. Sai ta ba Chaïbou, makanike a titin Wendover, ya huda, ta zura zare.

Ranar suna, falo cike da baƙi, Muzammil ya hango sulallan a wuyan 'yarsa.

"Wa ya huda wannan?"

"Ni ce, ɗana. Ba ka ce nata ba ne?"

"Kin san abin da kika lalata? Da huji ɗaya ya tashi daga aiki! Nan Amurka ce, ba ƙauyenku ba!"

Malam Hamidou, wanda ya raɗa sunan, ya miƙe a fusace. "Kai! Surukarka ce fa!"

"A gidana take, Malam!"

Hajiya ta kwance zaren, ta ajiye a tebur. Baƙi suka fice, tuwo ya huce a tukunya.

Washegari Ramlatou ta haɗa kaya, suka koma gidan Malam Hamidou, daga can sai Damagaram. A bakin ƙofa ta ce, "Ga 'ya'yanka can a roba. Ka raine su."

Da hutu ya zo, Muzammil ya bi su har gida. Ya durƙusa gaban Hajiya, ya miƙa mata sulallan mai huji.

Ta dube shi. "Na yafe, saboda Allah. Amma mayar da abinka aljihu. Ba a rataya wa jikata abin da aka zage ni a kansa."

Darasi: Duk abin da ka killace har ya fi mutuncin babba a idonka, zai bar ka kai kaɗai da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin baki.