Damin Irin Malam Barmo

An ce wani sarki ne aka yi a can zamanin da, mai taushin zuciya, wanda abinci ba ya yi masa daɗi muddin ya san akwai mai yunwa a garinsa. A zamaninsa aka yi fari, damina ta zo ta wuce ba a yanki ko zangarniya ba. Da abin ya tsananta, sai ya sa aka yi shela: a fasa kowane rumbu, har da nasa, a tara hatsin a ƙofar fada, a raba wa kowa daidai wa daida. Wanda kuwa ya ɓoye ko ƙwaya, ya bar ƙasar. Fadawa suka dinga zuba kirari. Su dai fadawa, ko atishawa sarki ya yi sai sun ce hikima ce.

To, al'adar manoman ƙasar ita ce kowane magidanci ya zaɓi zangarniyoyi mafi kyau, ya ɗaure su daban ya rataye. Wannan shi ne iri, ba a taɓa shi komai wuya. Amma shela ba ta ware iri ba, dogarai kuma tambaya ba aikinsu ba ce. Aka kwashe, aka daka, aka cinye, rabon ya ƙare tun da sauran rani.

Hadari ya fara haɗowa a gabas ke nan aka kamo wani dattijo masani, Malam Barmo, an sami damin gero a ɓoye cikin jinkar ɗakinsa. Aka gurfanar da shi.

Sarki ya ce, "Ya kai dattijo, da iliminka da furfurarka, ka ɓoye abincin mutane?"

Malam Barmo ya ce, "Ya sarki, ajiya ce a hannuna. Masu ita ba su iso ba tukuna."

"Su wane ne? Fatake ne?"

"Mutanen baɗi ne, Allah ya ba ka nasara. Waɗansu suna goye, waɗansu ba a haife su ba."

Sarki ya ce, "Ni kuwa ban tsallake baki ko ɗaya a rabona ba."

"Gaskiya ne, duk bakin da ya iya zuwa ƙofarka ya ci. Amma hatsin da aka ci yunwar yini yake kashewa, wanda aka binne shi ke ciyar da shekara. Ga hadari can. In ruwa ya sauka, me talakawanka za su zuba a rami?"

Sarki ya dubi waziri, waziri ya dubi ƙasa. Ran sarki ya ɓaci, ya ce, "Wa'azin baɗi ba shi da wuya a bakin wanda ke kwana da gero a kansa."

Dattijo ya ce, "Matata Kande a ƙarƙashin damin nan ta cika, tana kallonsa. Na ɗauko tsani zan sauke shi in dama mata kunu, ta riƙe mini ƙafa. Ta ce, 'Malam, in na sha, jikokinmu me za su shuka?' Ta sa na rantse. Ya sarki, kore ni, na yarda. Amma a binne geron nan a gona."

Sarki ya miƙe, ya ce wa Sarkin Dogarai, "Maza a kawo damin, kada a taɓa ko ƙwaya!"

Sarkin Dogarai ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tun da safe muka cika umarni. An sussuke, an daka, an raba kunun a ƙofar fada."

Malam Barmo bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe da na dama mata." Wallahi da zagin ya yi, da ya fi wa sarki sauƙi.

A makon nan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Manoma suka tsaya a bakin zaure da sungumi a hannu, suna kallon ƙasa tana shan ruwa. Sarki ya sayar da dawakinsa ya aika neman iri a maƙwabta, bai iso ba sai da lokacin shuka ya wuce.

Tun daga nan, in aka yabe shi da adalci, sai idonsa ya ciko, ya ce, "Tausayi na yi, ban yi adalci ba. Shi tausayi, wanda ke gabansa kawai yake gani, adalci kuwa sai ya ajiye rabon wanda bai zo ba."