Dogon Hutun da Ya Kusa Cinye Karatun Auta

Akwai wani mai ɗinkin kujeru da duk layinsu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ai-Na-Sani ake ce masa, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana buɗe baki zai tare ka da "Ai na sani," ya ƙarasa maka zancen, ko da ba can ka nufa ba. Mutumin kirki ne, aikinsa ma ba a magana, amma wajen gardama sai dai a bar shi da halinsa.

Yana da 'ya, Auta, wadda karatu ya wahalar ƙwarai. Sa'o'inta sun daɗe suna karanta littafi, ita tana nan tana fama da haɗa baƙi. Sai a aji uku Allah ya haɗa ta da wata malama mai haƙuri, wadda ke zama da ita in yara sun fita shan iska. Kafin shekara ta ƙare, Auta ta karanta shafi guda ita kaɗai. Ranar nan uban shago-shago ya bi yana ba da labari.

To, dokar makarantar ita ce, da an dawo hutu sai an gwada karatun yaro kafin ya shiga aji huɗu. Wanda ya kasa, maimaita aji zai yi.

Ana gab da dogon hutu aka kira taron iyaye. Shugaban makaranta ya kawo shawara a daina hutu mai tsawo, a yayyanka shi gajere-gajere cikin shekara. Ya ce kwanakin karatu ba za su ƙaru ba, sai dai yara ba za su daɗe ba su ga allo ba. Duk dawowa, in ji shi, sai malamai sun ɓata makonni suna tuna wa yara abin da suka manta.

Nan fa zaure ya kaure. Wata mata ta ce a dogon hutu ne kaɗai 'ya'yanta ke zuwa wajen kakarsu. Wani direba ya ce shi kam ya goyi baya, nasa yaran in hutu ya yi tsawo ko sunansu sai sun yi tunani kafin su rubuta. Wani daga baya ya ce, "Su malaman fa, ƙarfe ne su? Ba sa gajiya?"

Sai Ai-Na-Sani ya miƙe.

"Jama'a, kan yaro ba kwando ba ne da zai yoye. Abin da ya shiga ya shiga. Mu da muka yi dogon hutun, haukacewa muka yi?"

Aka bushe da dariya, aka tafa masa, shawara ta sha ƙasa.

A bakin ƙofa malamar Auta ta tare shi, ta sassauta murya. "Baban Auta, don Allah ko shafi ɗaya ne ta riƙa karantawa a hutun nan. Karatun nata sabo ne, bai..."

"Ai na sani, Malama. Kin yi ƙoƙari, mun gode. Amma 'yata lafiyarta ƙalau, kada ki mayar min da ita abin tausayi."

Da ƙarfi ya faɗa, har mutane suka waiwayo. Malama ta sunkuyar da kai ta wuce.

Shi kuwa yana da wata ɗabi'a a gidansa. Ranar da aka ba da hutu, tattara jakunkunan yara yake yi ya jefa saman kabad, ba mai taɓawa sai an koma. Ba mugunta ba ce. Shi da yana yaro bai san hutu ba, daga makaranta sai shago, shi ya sa ya rantse nasa 'ya'yan sai sun huta. Matarsa ta ce ya bar wa Auta ko littafi ɗaya. Ya ce, "Hutu hutu ne," ya kaɗe hannu.

Auta ta sha wasa har ta gode Allah.

Hutu ya ci fiye da rabi, wata rana da hantsi ta kawo masa saƙo shago. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi yana zaune kan wata tsohuwar kujera, suna ta jan zancen hutun nan, don shi mai aski yana bayan shugaban makaranta.

Ai-Na-Sani ya ce, "Yauwa, ga shaida ta zo da ƙafarta. Auta, karanta wa baffanki abin da ke jikin kwalin nan."

Auta ta matso. Ta ɗora yatsa kan kalmar farko, ta motsa baki, ba abin da ya fito. Ta kama baƙin farko, kafin ta kai na uku na farkon ya ɓace mata. Uban ya faɗa mata kalmar. Ta biyun ma ya faɗa mata. Sai hawaye sharr.

"Baba, baƙaƙen sun gudu," in ji ta. "Da ma yara sun ce ni daƙiƙiya ce. Ni ba zan koma ba, a aji uku za a bar ni da ƙanana."

Mai aski ya tashi ya koma shagonsa. Wannan tashin nasa ya fi dariya yi wa Ai-Na-Sani ciwo, kuma tsoro ya kama shi sosai. Ya san 'yarsa. In aka mayar da ita baya, ta bar karatu ke nan har abada.

Washegari ya wanke ƙafa ya tafi gidan Malama, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya same ta tana kwashe shanya, ga akwati a buɗe a tsakar gida. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Baiwar Allah ba ta ce da ma na faɗa maka ba. Ta ce, "Ni tafiya zan yi wajen mahaifiyata, Baban Auta, ni ma hutuna ne. Amma karatun bai gudu ba, kwanciya ya yi. Ka sauko da jakar. Kullum ta karanta maka ɗan kaɗan, kafin shayi ya huce ma ya isa. Sharaɗi ɗaya ne."

"Ai na..." Ya kama bakinsa. "Ina jin ki, Malama."

"In ta tsaya a kan kalma, kada ka faɗa mata. Ka jira. In ka riga ta, kai ka karanta, ba ita ba."

Jama'a, wannan mutumin aka ce ya jira! Ranar farko ya kasa. Auta na cewa "ma... ma..." ya ce "makaranta." Rana ta biyu ma haka, har yarinya ta ture littafin ta ce, "To kai ka karanta mana, Baba, tunda ka sani."

Ya yini yana tunani a shago. Sai dabara ta zo masa daga cikin aikinsa. Masu ɗinkin kujeru in za su ja yadi a jikin katako, ƙananan ƙusoshi suke zubawa a baki, suna zaro ɗaya-ɗaya suna bugawa. Mai ƙusa a baki ba ya surutu, sai in ya gaji da harshensa.

Daga ranar, da safe Auta kan zauna kan tulin soso da littafinta, shi kuma ya cika baki da ƙusa ya kama guduma. In ta maƙale, sai ka ga idonsa ya yi ja, wuyansa na motsi, kalmar na cinsa, amma ba halin magana. Mai aski ya leƙo ya ce, "Ikon Allah! Yau layin nan ya samu lafiya."

Da farko takan daɗe a kan kalma guda har ta yi gumi. Sannu a hankali ta fara fasa su da kanta. Duk wadda ta fasa, sai ya doka guduma a katako da ƙarfi, ita kuma ta ƙyalƙyale da dariya.

Ranar gwaji ya rufe shago, ya tsaya a ƙofar makaranta. Yara suna ta fitowa, babu Auta. Can sai ga Malama riƙe da hannunta.

"Ta wuce, Baban Auta. Aji huɗu."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Malama ta ce, "Akwai kalmar da ta tsaya a kai, ta daɗe, har shugaba ya buɗe baki zai faɗa mata. Sai ta ɗaga hannu ta ce, 'Malam, a bari, zan iya. Babana ma jirana yake yi.'"

Ai-Na-Sani ya durƙusa ya rungume 'yarsa, yana kuka a gaban mutane, bai damu da wanda ke kallo ba.

Darasi: Ko hutu ya yi tsawo ko ya gajarta, karatun yaro yana son a riƙa taɓa shi kullum, kuma yana son babba mai haƙurin jira. Kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ke yini da ɗanka a aji. Ku tura wa iyayen da kuka sani, wataƙila akwai jakar da ke jiran a sauko da ita yau.