Gaɓar Dogo da Ta Yi Shiru

Akwai wani maƙeri a Gagarawa Tasha, Ɗahiru sunansa. In dai garma ce, daga Gumel har Sule Tankarkar an san hannunsa. Manoma kan ce garmarsa ba ta dakushewa. Abin da ba su sani ba shi ne inda yake samo ƙarfen.

Layin dogo ya ratsa ta bayan garin, ga shi jirgi ya yi shekaru bai biyo ba. Ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a kai. A duk inda dogo biyu suka haɗu, akwai ƙarafa masu kauri da aka ɗaure gaɓar da su. Su ne Ɗahiru ya ɗora wa ido.

Da tsakar rana yake zuwa, lokacin da ko tsuntsu ya yi tsit, mutane na gudun daji don tsoron gamo. Ya kwance ƙarafan gaɓa huɗu a daidai wata kwana. Da yake gogan ɗan wayo ne, sai ya sassaƙa itacen ƙirya daidai girmansu, ya shafe da baƙin mai, ya mayar. Ko tsugunawa ka yi, ka rantse ƙarfe ne.

Mutum ɗaya ne bai ruɗu ba, shi ne Baba Ɗantsoho, tsohon ma'aikacin layi da ya daɗe da ritaya. Idonsa ya yi rauni ƙwarai, amma kullum da hantsi sai ya bi layin da 'yar gudumarsa, yana buga kowace gaɓa yana saurare. Mutanen gari suka ce tsufa ne ya taɓa shi.

Wata rana ya tsaya a ƙofar maƙera, bai ko zauna ba.

"Ɗahiru, shekara arba'in ina gaida layin nan yana amsa mini. Yau gaɓa huɗu sun yi shiru."

Ɗahiru ya ci gaba da zuga wuta. "Baba, layin da ya mutu ne zai amsa gaisuwa?"

"Wanda ya yi aikin nan mai hannu ne, ba kowa ya iya ba. In ka san shi, ka ce ya mayar, tun ana tsakanina da shi."

"Allah ya ƙara lafiya, Baba. A yi hankali da rana."

Ɗahiru ya yi dariya, amma tun daga ranar, da rana ta take, sai ya riƙa jin bugun guduma daga nesa. Ƙal, ƙal, ƙal, sannan wani bugu maras rai, kamar an doki ƙofar ɗakin da ba kowa. In ya leƙa, ba ya ganin kowa a kan layin. Tsoro ya kama shi, amma ina zai samo abin mayarwa? Ƙarafan sun zama garma, suna gonakin mutane.

Ana nan wasu masu duba layi suka wuce a 'yar motarsu mai bin dogo. Da ido suka duba. Tsohon ya tare su da maganarsa, suka ce, "To Baba, mun ji," suka ƙara gaba. Ɗahiru ya kwantar wa kansa hankali, ai kowace shekara suna zuwa, jirgi bai taɓa biyo bayansu ba.

Ranar wata Alhamis garin ya yi wayam, duk an tafi kasuwar Maigatari. Matarsa Safinatu kuwa ta kwana uku a Malam Madori wurin suna, tare da 'yarsu Rahama. Azahar ta kusa, wayarsa ta yi ƙara.

"Baban Rahama, albishirinka! Jirgi ya dawo aiki yau. Muna ciki, mun ma daɗe da tasowa. Ka ji Rahama sai murna..."

Maganar ta katse. Ya kira, ya sake kira, ba ta shiga.

Ya fita ba takalmi. Da ya isa layi ya ɗora tafin hannu a kan dogo. Ƙarfen na rawa a hankali, yana wani irin gurnani ƙasa-ƙasa. Jirgi na tafe.

Ya zura da gudu, ƙaya na sukarsa bai sani ba. Tun kafin ya kai kwanar ya hango kan jirgin, ya kuma san ba zai riga shi ba.

Sai ya ga mutum tsaye a tsakiyar layi, can gaba da kwanar, yana kaɗa jar hula. Baba Ɗantsoho ne.

Jirgi ya yi ta kuka, birki ya kama da ƙara mai tsaga kunne. Tsohon ba ya gani, bai san ko direba ya hango shi ba, don haka bai matsa ba. Ya ci gaba da kaɗa hular har jirgin ya iso shi.

Taku goma ya rage zuwa gaɓar farko jirgin ya tsaya.

Fasinjoji suka firfito suna salati. Aka ciro tsohon, rai ya yi halinsa, aka rufe shi da mayafin wata mata. Direba na ta tambaya me ya sa dattijo ya yi haka. Ya ƙarasa gaba, ya shuri ƙarfen gaɓar da takalmi, sai abin ya dare gida biyu.

"Itace ne! Jama'a, wallahi itace ne!"

Safinatu ta kutso da Rahama a goye, ta riƙe hannun mijinta. Ta dubi gawar, ta dubi itacen, ta ɗaga murya cikin kuka.

"Wanda ya yi wannan, Allah ya isa! Allah ya hana shi barci, ya hana shi kwanciyar rai, har ya tsaya gaban tsohon nan ranar gobe!"

Jama'a suka amsa da amin, kusan mutum ɗari uku. Ta juyo ta dube shi.

"Baban Rahama, ba ka ce amin ba."

Ya dubi 'yarsa, ta miƙo masa hannu tana dariya.

"Amin," ya ce.

Washegari, bayan an binne Baba Ɗantsoho, Ɗahiru ya kai kansa wurin 'yan sanda da ƙafarsa. Safinatu a bakin maƙwabta ta ji.

Darasi: Ƙusa ɗaya da ka zare daga kayan jama'a, ran wani ka zare, kuma ba kai ke zaɓar ko na wane ne ba. Kada ka saci ƙarfen layi, kada ka saya, kada ka gani ka yi shiru. Idan dattijo ya yi gargaɗi a saurare shi, don in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda layin dogo ya ratsa garinsu.