Ƙwallayen Kanya a Saman Silin

Akwai wani mutum a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Nagano a ƙasar Japan, sunansa Kuwabara Teruo. Tsafta ta yi masa yawa har ta koma ciwo. In baƙo ya sha shayi a gidansa, kafin ya gama sa takalmi an riga an tafasa kofin.

A tsakar gidansa akwai itacen kanya mai 'ya'ya har rassa su sunkuya. Kowa ya sani, mai kanya yakan kira maƙwabta su tsinka, a fere, a rataya ta bushe. Teruo kuwa ya gwammace ta ruɓe a sama da a shigo masa da laka.

Da zafi ya shigo sai wari ya tashi a gidan, irin mai maƙalewa a maƙogwaro, ko ruwa ka sha sai ka ji shi.

Matarsa Sachie ta ce, "Maigida, ni fa daga sama nake jin warin nan."

Ya ce, "Saman wa? Hancinki ne ya tsufa. Gangar tsohuwar can ce."

Tsohuwar ita ce Hatano Fusae, maƙwabciyarsu, mai zama ita kaɗai. Tana da gangar katako da take tsima kabeji da gauta a cikin dusar shinkafa. Dusar gadon uwarta ce. Kullum sai ta juya ta da hannu, tana ƙara sabuwa a kan tsohuwa, kuma in aka zubar da ita shi ke nan.

A taron unguwa Teruo ya miƙe yana toshe hanci da hankici. "Ko dai gangar Iya Fusae ta tashi, ko in kai ƙara birni. Mutum ya tsufa ai ba hujjar ƙazanta ba ce."

Fusae ta sunkuya ta ce, "Ku yi haƙuri, na dame ku." Washegari ta haƙa rami a bayan gida ta binne dusar. Wannan zalunci har yau yana ba ni haushi.

Wari kuwa ko gezau. Silin ya fara yin taswira, har ranar da wani baƙin ruwa ya ɗiga a kwanon shinkafar Teruo yana tsakar ci.

Kunya ta hana shi kiran ma'aikata. Ya rufe hanci da ƙyalle, ya sa safar hannu, ya hau saman silin da tocila.

Audugar gilas da aka shimfiɗa don tare sanyi ta jiƙe sharkaf da fitsari, ta yi baƙi. Ashe juda ce, wata dabba mai kama da kyanwa da ke cin 'ya'yan itace, ta mai da wurin ɗaki da masai. Ga tulin kashi, wani ya bushe, wani ɗanye, tsutsa na watayawa a ciki. Da ya ɗaga wani gefe sai ga mushen ɗanta ya narke ya manne. Nan take amai ya ƙwace masa a cikin ƙyallen hancin.

Haka ya dinga nannaɗe audugar yana cusawa a buhuna, ruwanta na bin hannun rigarsa, jikinsa na ƙaiƙayi. Kowane tuli ya kwasa sai ya ji wasu abubuwa masu tauri. Ya haska. Ƙwallayen kanya ne fal. Kuma duk unguwar itace ɗaya ne ake barin 'ya'yansa su ruɓe: nasa.

Yana jan buhunan zuwa waje suna yoyo, sai ya ga Fusae a bakin shinge. Ya sunkuya ƙasa ƙwarai. "Iya, daga gidana ne. Ki yafe min. Zan sayo miki sabuwar dusa."

Ta ce, "Dusa ai tana kasuwa, ɗana. Hannun uwata ne babu."

Ta shiga gida, ta mirgino gangar har gabansa. "Buhunanka na ɓata maka tsakar gida. Zuba a nan, ba ta yoyo. Ni ba abin da zan sa a ciki."

Darasi: Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kafin ka nuna gidan wani da yatsa, leƙa saman ɗakinka, don ba duk abin da ka sa aka binne ne ban haƙuri ke tono shi ba. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.